Muryar da ke Tsakiyar "Nida"

Mus'ab ya gyara zaman baƙin tabarau a hancinsa, ya jira aka kunna kyamara, sannan ya fara labarin da ya yi shekara ashirin yana bayarwa.

A 2003, in ji shi, su uku ne a saman benen gidansu a unguwar Hindawiyya da ke Jidda, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Shi ke waƙa, Usuman ke kaɗa jita, Bello kuma yana dukan wasu ganguna kwance da ya tsinto a kasuwar gwanjo. Suka raɗa wa ƙungiyar suna Bila Iƙama, wato marasa takardar izinin zama, ko da yake kowannensu tasa iƙamar tana aljihu, an sabunta ta a kan kari.

Waƙa ɗaya ce ta fitar da su, wadda suka kira "Nida". A tsakiyarta kiɗa yakan ɗauke, sai wata murya mai kauri ta taso, tana ja tana karyewa kamar daga cikin rijiya. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Babu wanda ya taɓa gane kalmomin, har Hausawan Jidda. Wannan bai hana kowa komai ba. A zamanin da ake yin irin wannan kiɗa a ɓoye, samari sun riƙa miƙa wa juna kaset ɗin ta ƙarƙashin tebur. Da aka buɗe filayen wasa, dubban mutane suka riƙa dafa ƙirji suna bin muryar da gurnani, wasu har da hawaye. Wani malamin jami'a ya rubuta shafi arba'in a kanta, ya ce kukan alhazan da suka ratso Sudan a ƙafa ne.

"Muryata ce," in ji Mus'ab. "Kakannina ne suka yi magana ta bakina."

Najwa, matashiyar da ke shirya fim a kan cikar waƙar shekara ashirin, ta tambaye shi me ya sa bai taɓa yin wurin da bakinsa a gaban jama'a ba, kullum sai dai a saka daga faifai. Ya ce irin wannan murya sau ɗaya take sauko wa mutum. Ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ita ce ta fara gane baiwar da Allah ya yi masa.

Washegari ta je wurin Usuman, wanda rabonsa da yi wa Mus'ab magana tun wani rikici a kan girman suna a jikin fosta. Shi ma ya ce muryarsa ce. Ya yi ta ne ranar da wata Ikilima ta bar Jidda, kuma har yau maƙogwaronsa bai koma daidai ba. Ya nuna mata maƙogwaron.

Fim ɗin ya tsaya. Masu shirya bikin cikar waƙar shekara ashirin suna son suna ɗaya da za a rubuta da manyan baƙaƙe, kuma kowane ɗaya daga cikin biyun ya rantse ba zai hau dandali ba in aka rubuta na ɗayan.

Najwa ta nemo Bello a unguwar Madain Fahd, inda yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shi ne ya haɗa kaset ɗin a wancan lokaci, da wata tsohuwar rikoda mai maɓallin rage gudu. Ya saurare ta yana goge hannu da tsumma.

"Ba su taɓa tambayata ba," ya ce. "Halas, shi ke nan, ki tara mu a inda aka yi ta."

Ranar Asabar bayan la'asar aka hau benen. Tankin na nan, igiyar na nan. Mus'ab ya zo da rigar fata a cikin zafin Jidda. Usuman ya zauna can gefe, ya ba shi ƙeya. Hajiya Sadiyya, mahaifiyar Mus'ab, ta hawo a hankali tana dafa bango, don Najwa ta roƙe ta ta faɗi yadda ta ƙarfafa wa autanta gwiwa. Ta ce ita ba ta taɓa sauraron waƙar ba, amma duk abin da yaro ya ce an yi, to an yi.

Bello ya ajiye rikodar a kan bokitin da aka kifa. Ya ce ranar da suka ɗauki waƙar, da suka zo tsakiya igiyar jita ta tsinke, aka yi shiru, kaset kuwa yana juyawa. Da ya koma gida ya ji abin da ya shiga wurin, ya rasa yadda zai goge shi, sai ya rage masa gudu har ya yi kauri, don kada a ji kunya.

"Wace kunya?" in ji Mus'ab.

Bello ya danna. Muryar ta taso yadda duniya ta san ta. Mus'ab ya lumshe ido ya dafa ƙirji don kyamara. Usuman ya shafa maƙogwaro.

Sai Bello ya fara murɗa maɓallin. Kaurin ya riƙa zubewa, muryar tana sirancewa, tana ƙara sauri, har ta koma ta mace, ta Hajiya Sadiyya sak, tana tasowa daga ƙasan matakala, kowace kalma tsaf:

"Kai Mus'ab! Uban wa ya ce maka ka iya waƙa? Sauko ka wanke mini banɗaki!"