Rigar da Ta Ƙi Ɗinkuwa

Kaneng ta datse zaren da haƙori, ta ɗaga rigar sanyin ta duba a hasken taga. Ɗinkin ya kwanta sumul, sai wanda ya san wurin ne zai gane an taɓa yagewa a ƙirjin dama. Ta miƙa wa Misis Lipman tana jiran ko 'yar godiya. Tsohuwar ta karɓa, ta shafa wurin da babban yatsa, ta ajiye a cinya.

Ɗinki ba ya cikin aikin Kaneng. Tsofaffi take kula da su a gidajensu, kuma tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka datse lokacin ziyara. Aikin ya koma ki shiga, ki ba da magani, ki ɗumama abinci, ki fice a guje ki tari bas. Daga Whalley Range take tahowa har Prestwich, inda Yahudawa ke da yawa a arewacin Manchester, kuma duk abin da ta ƙara na lokaci a gidan nan, daga rabon wani tsohon ta sato shi. Amma dole hannunta ya yi wa matar nan wani alheri, domin bakinta ya riga ya cuce ta.

Ranar Talata ne Shoshana, 'yar Misis Lipman, ta bugo waya daga Birmingham, murya a dushe. Yayanta Efraim ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, har an binne shi. Likita kuwa ya daɗe da gargaɗin cewa zuciyar mahaifiyarsu ba za ta ɗauki mugun labari ba.

"Ki ce mata aiki ne ya riƙe shi," in ji Shoshana. "Ni ma ba zan iya zuwa ba sai wani makon. Don Allah kada ta sani."

Haka Kaneng, mai ba da waƙa a zumuntar matan coci, wadda ko canjin kasuwa ba ta taɓa ci ba, ta wayi gari maƙaryaciya. Kullum tsohuwar ta ce, "Efraim fa?" sai Kaneng ta sunkuyar da kai cikin kwalaben magani ta ce, "Yana nan lafiya, Mama, ya ce a gaishe ki."

Daga nan fa abubuwa suka fara sukurkucewa. Misis Lipman tela ce tun tana budurwa, ta ƙare ƙuruciyarta a kan keke a masana'antar rigunan ruwa, ko maɓalli ya karkace ba ta yarda ta sa riga. Yanzu ga ta da riga a yage, ko a jikinta. Ta rufe madubin falo da tawul. Ta bar lallausar kujerarta ta koma kan ɗan kututturen da take ɗora ƙafa. Takalmi ma ta ƙi shi, sai safa, rediyon da ba ya shiru a gidan ya yi tsit.

Kaneng ta ɗinke rigar, washegari ta tarar da yagar ta dawo daidai wurin jiya. Bakin yagar daga sama a miƙe yake sarai, daga ƙasa ne zare ya barbaje. Ta dudduba ƙofa da sandar tafiya ko akwai ƙusa, ba ta ga komai ba. Ta sake ɗinkewa, ta ninka zaren.

"Manasseh, matar nan ta fara rikicewa, kuma ni ce sila," ta ce wa mijinta a gida. "Ɗanta take jira. In na yi report, sai ma'aikatan council su kwashe ta zuwa care home, gidan ajiye tsofaffi."

"Ke dai ki yi shift ɗinki ki dawo," in ji shi. "Maganar family ɗinsu ce."

Shawarar mutumin da bai taɓa haɗa ido da tsohuwar ba ke nan.

Ranar Asabar hankalinta ya ɗan kwanta. Ta tarar da Misis Lipman cikin riga lafiyayya, a kan kujerarta. Kaneng ta san ranar hutunsu ce, ko allura ba a taɓawa, ta yi godiya ga Allah cewa abin ya wuce. Ranar Lahadi sai ga kututture, ga tawul a madubi, ga yaga.

Da safiyar Litinin ta durƙusa gaban tsohuwar da rigar da ta sake ɗinkewa a hannu. Ta yanke shawara tun a cikin bas: ko za a kore ta, ko zuciyar tsohuwar ta buga a gabanta, ba za ta ƙara kallon uwa tana zaucewa da jiran wanda ke kwance a kabari ba. Hawaye ya riga magana fitowa.

"Mama, ki gafarce ni. Akwai abin da..."

Misis Lipman ta ɗora mata yatsa a leɓe. Ta karɓi rigar ta sa, ta zaro ɗan almakashi daga aljihu, ta ɗan tsaga bakin wuyan ta dama, sannan ta kama da hannu biyu ta ja ƙasa har sai da zaren Kaneng ya tsinke.

"Ajiye allurarki, 'yata, ɗinkinki ya yi mini ƙarfi," ta ce a hankali. "Kuma kada ki gaya wa Shoshana, bar ta ta ji da abin da ke gabanta. Efraim bai taɓa aiko mini da gaisuwa ta bakin wani ba, mu Yahudawa kuwa ba ma yaga riga sai an yi mana rasuwa. Rufe madubi, da zaman kututture, da cire takalmi duk al'adar makokinmu ce, ranar Asabar kaɗai ake ɗagawa. Tun ranar Talata nake zaman makokin ɗana, ke kina ta ɗinke mini."