Gwangwanin Can Ƙarshen Rumfa

Na ɗora sifana a kan famfon ƙungiyar masu renon furen begoniya, na ce yau zan rufe shi.

"Mata suna wuni a layin ruwa a Tanut, ku kuwa kuna shayar da furen da ko akuya ba ta ci. An zuba muku ido don kun tsufa. Ni ba zan yi shiru ba."

Shugabarsu, wata dattijuwa, ta ce, "Ɗana, in ka rufe, kafin Juma'a duk sun mutu. Furen nan ba ya jure ƙishirwa."

"To, me ya sa kuka zaɓe shi, Inna?"

"Don hakan. Kowane gwangwanin fure a rumfar nan na wani ne da ya hau mota ya yi arewa, ƙishirwa ta kashe shi a sahara. Ba mu da kabarinsu. Ruwan da ba mu samu mun ba su ba, shi muke zubawa nan."

Ta nuna wani can ƙarshen rumfa. "Wancan na yayanka ne. Mahaifiyarka ke shayar da shi a ɓoye, don ta san faɗanka. A dokarmu ba mai shayar da na wani. Tun rasuwarta bara, ba wanda ya taɓa shi."

Na saki sifanar, na je na durƙusa. Ganyen kore shar, jan fure ya buɗe. Na tura yatsa cikin ƙasar.

A jiƙe take, da sanyinta, kamar yanzu aka ɗauke buta.