Kwaɗin Farfesa

"Baba, cike kududdufin nan yau," in ji shugaban jami'a. "Mun haura a jerin jami'o'in duniya, baƙi na tafe. Kwaɗi za mu nuna musu?"

Shekara talatin ina kula da lambun jami'ar nan, inda kududdufin yake. Ni nake kamo wa marigayiya Farfesa kwaɗin, masu ɗigon ja a baya, tana ta rubutu ana mata dariya. Na roƙi shugaban ya bar kududdufin, ya ce in cike ko in bar aiki. Na cike shi da ƙasa.

Da baƙin suka iso, babbarsu ta ce, "Binciken kwaɗin nan ne ya ɗaga ku. Ina kududdufin?"

Shugaba ya waiwayo ni.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a kansa kike tsaye."