Tela da Daɓen Ƙofar Gidansa

Sallau, ka ce jibi za a kawo maka siminti ka daɓe ƙofar gidanka, ka huta da shara da cirar ciyawa. Madalla, gyara ba laifi ba ne. Amma kafin ka kira magini, matso ka ji abin da ya sami wani tela.

Telan nan a zauren gidansa yake ɗinki. Ƙofar gidan rairayi ce zalla. Da rani awaki su ɓata ta, da damina ciyawa ta rufe ta, masu kawo ɗinki su riƙa tattare riga suna tsallake taɓo. Shi kuwa ga ciwon baya, sunkuyon shara ya fara gagararsa. Ana nan sai wani sabon tela ya buɗe shago a bakin layi, gabansa tas kamar faranti, mutane suka fara karkata can. Hankalin mutumin ya tashi, don da keken ɗinkinsa yake ciyar da gida. Sai ya sa aka cika ƙofar da jar ƙasa har ta yi tudu, aka malale ta da siminti tun daga bakin zaure har hanya, aka gina dakali, aka shafa wa bango farar ƙasa. Wuri ya yi kyau. Babu ciyawa, babu taɓo, iska ma ta isa ta share shi. Masu ɗinki suka dawo, har masu wucewa sukan tsaya su yaba.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi yana kan keke, sai ya hango abin da ya sa ƙafarsa ta tsaya cak. Ruwan da a da rairayi ke shanyewa ya rasa wurin shiga. Ya taru, ya gangara gefe, ya je ya kwanta a gindin katangar maƙwabciyarsa, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ke zaune ita kaɗai a gidan ƙasa. Washegari ta dogaro sanda ta leƙo zaure, ta ce, "Ɗan nan, ruwan ƙofarka a gindin katangata yake kwana." Ya ce, "Na gani, Iya. Ki yi haƙuri damina ta wuce, zan san yadda zan yi." Ta dube shi, ta dubi sama, ta juya.

Ya san maganin abin sarai: a fasa daɓen, a fitar da kwata. Amma ya tuna yabon da ya sha, ya tuna dariyar da za a yi masa in an gan shi da diga yana farfasa abin da ya gama jiya-jiya. Ya ce a ransa, ai katangarta ce, kuma ta ga damina iri-iri ba ta faɗi ba. Duk da haka natsuwa ta ƙaurace masa. Da hadari ya haɗo daga gabas sai gabansa ya faɗi, ya kasa zura zare a allura. Kullum da safe sai ya saci kallon katangar. Danshi ya hau ta zuwa gwiwa, daga baya ya kai ƙugu, gindinta ya fara marmashewa kamar gurasar da ta sha romo. Ya jera duwatsu a bakin daɓen, ruwa ya bi ta kansu. Ya daina bi ta ƙofar tsohuwar don kada su haɗa ido. Tuwo ma ya daina yi masa daɗi, matarsa ta tambaye shi ko bayan ne ya motsa, ya ce e.

Da marka ta kankama, wata rana aka wuni ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wajen la'asar yana guga, kayan bikin wasu mutane na rataye a bango, shadda da leshi, sai ya ji ƙasa ta yi wani irin nishi. Katangar tsohuwar ta zauna. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne, azarar zaurensa a kan katangar nan ta ɗora kai tun ginin iyaye. Rufin ya biyo ta. Da ƙyar ya tsira da ransa, ƙasa ta binne keke da kayan mutane. Ya zagaya da gudu yana kiran "Iya! Iya!" har ya same ta a rakuɓe a madafa, ta jiƙe sharkaf amma da ranta, kaskon suyarta da buhun gyaɗarta suna ƙarƙashin ƙasa. A cikin ruwan nan ya ari diga ya fasa daɓen da hannunsa, mutanen layi na tsaye a zaurukansu suna kallo.

Da rani ya zo, katangar tsohuwar ya fara tayarwa kafin ya taɓa zaurensa. Ƙofar gidan kuwa, ya bar siminti a gindin bango kawai, sauran ya zuba tsakuwa, wadda ba ta neman shara kullum kuma tana barin ruwa ya nutse, ya ja kwata ta gefe zuwa lambatu.

To, Sallau, je ka gyara ƙofarka. Amma ka fara tsayawa a bakin zaure ka duba inda ruwanka zai nufa, da wanda ke zaune a can. Ba banza ba Hausawa suka ce, abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi.