Allurar Kasuwa da Ƙafar Lurwanu

Lurwanu ɗan Tama ne, kuma da wasan tanis yake ci da kansa da iyalinsa. A Madawa ya koyi riƙon raket tun yana lakwal, wato makarantar boko, a wani filin siminti da ke bayan gidajen Turawa ma'aikata. Tun yana buga ƙwallo da bango har ya fara kada waɗanda suka koya masa. A 1978 ya koma Yamai, yana buga wasa ana biyansa, da marece kuma yana koya wa manyan ma'aikata. Abin da 'yan kallo suka fi yabo shi ne ƙafarsa. Duk inda ƙwallo za ta faɗa, sai ka ga ya riga ta isa.

A kakar 1983 aka zaɓe shi zuwa wata babbar gasa a Abijan. Ya ce ba zai hau jirgi ba sai mahaifiyarsa, Iya Sabuwa, ta sa masa albarka. Ya iso Tama ana ɗaurin damman hatsi, bai jima ba masassara ta kwantar da shi.

Kawunsa Ɗantala ya zo gaishe shi, ya ce, "Lurwanu, kak ka wahal da kanka zuwa gidan likita can garin Buza, wuni za ka yi ba a duba ka ba. Yau kasuwa na ci, Rabo mai allura na nan. Allura guda, ka tashi garau."

"Kawu, shi Rabon lokotoro na?"

"Ya daɗe shina shara gidan likita. Mi ar rage bai gani ba?"

Iya Sabuwa ta ce, "Ɗana, ka dai daure ka tahi Buza."

Amma hankalin Lurwanu yana kan motar Tawa da za ta tashi washegari. Ya ce, "Iya, in na makara wani za a ba wurina."

Suka iske Rabo a gindin wata bishiyar bedi, ga ƙwayoyi a faranti, ga allura jiƙe cikin gwangwani. Bai tambayi komai ba, ya tsira masa ita a ɗuwawu. Nan take Lurwanu ya ji kamar an zuba masa garwashi tun daga ƙugu har yatsun ƙafa. Ya yi ƙara.

Rabo ya ce, "Ƙarhin magani na, yi haƙuri."

Da safe Lurwanu ya miƙe zai sa takalmi, sai ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa, tana lilo kamar ba tasa ba. Motar da zai shiga don Abijan, ita ta kai shi asibiti a Tawa. Lokotoro, wato likitan asibitin, ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Allurar ta soki babbar jijiya. Masassarar nan ƙwayoyi kaɗan sun ishe ta. Ƙafar kam ba za ta koma kamar da ba."

Jirgi ya tashi da wani a madadinsa. Lurwanu ya yi watanni yana gashi da motsa ƙafar, gumi na zuba, bai taɓa fashi ba. Duk da haka bai sake buga gasa ba har abada.

Bai yarda ya zauna a zaure ana yi masa jaje ba. Ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙarfen da ke riƙe idon sahu, ya koma Yamai yana koyar da tanis daga tsaye wuri guda. In ya zo gida kuwa, sai ya bi kasuwannin Tama da Bangi da Sabon Gida, ya naɗe wandonsa a gaban jama'a, ya ce, "Ku duba da kyau. Wagga ƙahwa ta sha gudu gaban manya. Allura guda ta kashe ta."

Shi kuwa Rabo, ya kwashi gwangwaninsa ya koma wata kasuwar da ba a san shi ba.

Jama'a, kada gaggawa ko nisan hanya su sa mu miƙa jikinmu ga wanda bai koyi aikin likita ba. Wunin da za ka yi a layin asibiti ya fi sauƙi a kan nakasar da za ta bi ka har ƙarshen rayuwa.