Jita Mai Gajeren Wuya

Dogo yana tsallaken titi ya hango yayansa ya fito daga mota da akwatin jita a hannu. Yayan ya waiga hagu da dama, sannan ya shige shagon mai gyaran kayan kiɗa. Akwatin bai kai tsawon wanda aka saba gani ba.

Dogo ya san irinta. Jita ce ta lantarki mai gajeren wuya, wadda ƙarafunan wuyanta suke kusa da juna, tsirkiyarta kuma ba ta da tauri. Ya sha yi mata dariya a gaban mutane, yana cewa ta 'yan koyo ce da masu hannun jarirai. Shi da tafinsa ke rufe faranti, tun yana saurayi doguwa yake kaɗawa a ƙungiyar makaɗan yayansa, kuma shi kaɗai ne mai jita a cikinsu. To wa aka saya wa wannan?

Sai abubuwa suka fara haɗuwa a kansa. Kwanan nan Yaya ya datse masa dogon kiɗan da yake yi shi kaɗai a tsakiyar waƙa, ya ba mai fiyano rabinsa. Mai ganga, wanda ko sandarsa ƙyuyar ɗauka yake yi, yanzu shi ke rige-rigen ɗaukar masa sifika. In Dogo ya shigo ɗakin gwaji hira takan mutu, sai kowa ya kama goge abin da ba shi da datti. Haka ake yi wa baƙon da aka kusa sallama.

Washegari ya je shagon da sunan sayen tsirkiya. Jitar tana kwance a kan teburin aiki, ja, sabuwa fil. Mai gyara na ganinsa ya ja tsumma ya rufe ta, amma ya makara.

"Ta waye wannan?" Dogo ya tambaya, hannunsa na hagu a aljihu.

"Ta wani ce."

"Yaro ne?"

"Ba yaro ba ne." Mai gyara ya ci gaba da neman abin da bai ɓata ba a cikin durowa. "An dai ce in sa mata tsirkiya mafi laushi, in kuma sassauko da ita kusa da wuya, yadda da an taɓa za ta amsa."

"Ya iya kiɗa?"

"Ban taɓa jin wanda ya fi shi ba."

Maganar ta soke shi. Ya karɓi tsirkiyarsa ya fita ba sallama.

A gida ma bai sami sauƙi ba. Ya tarar da matarsa tana waya ƙasa-ƙasa a kicin, kuma ya rantse muryar Yaya ya jiyo kafin ta kashe. Ta ce ƙanwarta ce. Ta buɗe masa murfin gorar ruwa ta miƙa masa, idonta ya sauka a kan fakitin da ya ajiye.

"Tsirkiya kuma? Ba makon jiya ka sauya ba?"

"Na yanzu ba su da kyau," ya ce. Ba ta yi musu ba, kuma rashin musun ya fi komai ba shi haushi.

Ya wuni yana zana sabon makaɗin a ransa: ɗan gaye mai 'yan siraran yatsu, wanda Yaya ya tsinto a wani wajen biki. Kila ma har sun fara gwaji a ɓoye. Ya yanke shawara ba zai tsaya a kore shi a gaban yaran da shi ya koya musu ɗaura waya ba. Shi zai fara cewa ya bari.

Ranar gwaji ya isa da la'asar, bai ɗauko jitarsa ba. Kowa ya hallara. Gajeren akwatin yana kan kujerarsa, kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kai sai shi. Ya dubi ɗakin lungu-lungu, bai ga baƙuwar fuska ba.

"Ina yake?" ya ce.

"Wa?" in ji Yaya.

"Mai ita. Ko sai na fita zai shigo?"

Yaya ya daɗe yana kallonsa. "Zauna ka gwada mana ita tukuna. In ka gama, ka faɗi abin da ke bakinka."

Ya ɗauke ta don ya kunyata su. Ba ta da nauyi, ta zauna a cinyarsa kamar ta san wurin. Ya jona waya, ya zaɓi kiɗan nan da aka datse masa, mai wuyar miƙa, don kowa ya ji yadda abin wasan yara ke shaƙewa.

Ba ta shaƙe ba. Sautin ya fito da kauri da ɗumi, ya haura, ya kai wurin da kwanan nan yake kewayewa, ya ratsa ta ciki ya wuce. Mai ganga ya sunkuyar da kai. Mai fiyano ya ɗauke hannunsa daga nasa rabin, ya bar masa kiɗan gaba ɗaya.

Dogo ya tsaya. Ya ɗaga kai ya ga matarsa a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, ya ga Yaya yana kallon hannunsa na hagu ba tare da mamaki ba. Sai shi ma ya sunkuya ya dubi yatsu biyun nan da suka ƙage tun bara, waɗanda ya ɗauka ya ɓoye wa kowa, suna zaune daidai inda suka daina kaiwa a kan doguwar jitarsa.