Faifan Da Aka Ce Ya Mutu

Ka ɗauki misalin wani mai gyaran kwamfuta da aka kira gidan rediyon wani ƙaramin gari. Suna da faifai guda na ajiya, haɗe da kwamfutarsu, da suka tara muryoyin shekara ashirin a cikinsa: hirar tsoffin maƙera, waƙoƙin noma, labarin kafuwar garin daga bakin dattawan da ƙasa ta riga ta rufe. Tun faɗuwar damina, in an kunna kwamfuta da safe sai ta tashi ba faifan, kamar ba a taɓa haɗa su ba. Manaja ya gaji. Masu gyara biyu sun duba sun ce faifai ya mutu, a goge shi a soma sabo. Shi ma abin da aka kira shi ya yi ke nan, kafin azahar. Ya kara kunne, ya ji faifai na juyawa lafiya lau, sai ya janye hannunsa. Manaja ya tuna masa cewa aiki aka ba shi, ba shawara aka nema ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban iya binne mai numfashi ba. In gogewa ce, a nemo wani."

Bai tashi daga kujerar ba, sai ya shiga tambaya. Ashe a gidan, da hadari ya haɗo sai a zare wayoyi duka don tsoron tsawa, in ruwa ya ɗauke a mayar da su duk ramin da hannu ya kai. Ita kuwa kwamfuta, a jerin abin da take nema in ta tashi, an rubuta mata faifan da mazauninsa ne: na rami na biyu. Kamar a aike ka kasuwa wurin mai rumfa ta biyu, bayan mutumin ya koma ta huɗu. Ka leƙa, ba ka gan shi ba, ka dawo ka ce ya rasu. Mai gyara ya share layin nan, ya rubuta lambar faifan ta asali, wadda ba ta sauyawa ko'ina aka soka shi. Ya kashe, ya kunna. Manaja na tsaye da hannu a ƙugu, muryar wani tsohon maƙeri ta cika ɗakin, yana tari yana ba da labarin zuga-zuginsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.